Kufcewar fitsari idan an yi tari ko atishawa: da gaske atisaye na tsayar da shi?

Maman_Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina roƙon ma'aikatan lafiya na wannan zaure su warware mana wata magana. Mata da yawa, musamman waɗanda suka yi haihuwa uku zuwa sama, fitsari kan kufce musu idan sun yi tari, atishawa, dariya mai ƙarfi, ko sun ɗaga bokitin ruwa. Wasu sun ɗauke shi gadon haihuwa, sai dai kunzugu. Wasu kuma da sun ji an ce "yoyon fitsari" sai gabansu ya faɗi, su ɗauka sai tiyata. Yanzu kuma ana cewa a sashen gashin ƙashi (fisiyo) na asibiti ana koyar da wani atisaye da ke tsayar da shi, ba ƙwaya ba wuƙa. Gaskiya ne? In gaskiya ne, yaya ake yinsa, kuma wa yake yi wa aiki?

Ungozoma_Funtuwa:
Wa alaikumus salam Maman Sadiq. Kafin a shiga maganar atisaye, a raba abubuwa biyu da muke kira da suna ɗaya.

Yoyon fitsarin da aka sani a ƙasar Hausa ɓula ce tsakanin mafitsara da farji. Yawanci doguwar naƙuda ce ke jawo ta, kwana biyu ko uku kan jariri na danne da naman wurin har jini ya daina isa, naman ya mutu ya zube. Yankan gishiri ma na jawowa, haka wani lokaci bayan tiyata. Alamarta ba ta ɓuya: fitsari na tsiyaya dare da rana, a kwance ko a zaune, kuma mace ba ta jin ya taru balle ta riƙe. Wannan babu atisayen da zai toshe shi. In sabo ne, a garzaya asibiti, domin ƙaramar ɓula kan haɗe da kanta idan an sa robar fitsari ta zauna mako huɗu zuwa shida. In ba ta haɗe ba sai ɗinki. Akwai cibiyar Babbar Ruga a Katsina, da ta Ningi a jihar Bauchi, da ta Laure a asibitin Murtala na Kano, da ta Danja kusa da Maraɗi. Ana tabbatarwa ne ta hanyar zuba ruwa mai shuɗin launi a mafitsara a ga ko zai ɓullo ta gaba.

Wanda kika kwatanta daban ne. Babu ɓula. Mace na riƙe fitsarinta lafiya lau, tana kwana a bushe, sai an matsa ciki ne yake ɗiga. Wannan na masu gashi ne, bari su zo.

Fisiyo_Shika:
Sista ta share mana hanya. E, gaskiya ne Hajiya, kuma ba sabon abu ba ne. Wani likitan mata ɗan Amurka, Arnold Kegel, ya wallafa bayaninsa tun 1948, shi ya sa ake kiransa atisayen Kegel.

A ƙasan ƙugu akwai shimfiɗar tsoka da ta taso daga ƙashin mara ta gaba ta kama ƙashin wutsiya ta baya. Ku ɗauke ta kamar majanyin da ke tallafe da goyo: mafitsara, mahaifa da dubura duk a kanta suke zaune, kuma hanyar fitsari, farji da dubura duk ta cikinta suka ratsa. Idan aka yi tari, nauyi na dannowa daga sama. Tsoka mai ƙarfi sai ta ɗaure ta matse hanyar fitsari a daidai wannan lokacin. Idan ciki da haihuwa sun buɗe ta, ko jijiyar da ke ba ta umarni ta jigata, sai nauyin ya fi ƙarfin ƙofar.

Yadda ake yi: a fara a kwance rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, tafin ƙafa a ƙasa, mafitsara babu fitsari. A matse dubura kamar ana hana iska fita a cikin jama'a, sannan a jawo matsin gaba kamar ana tsayar da fitsari, a ɗaga duka sama zuwa ciki. Abu biyu ne, matsewa da ɗagawa. A riƙe ana numfashi yadda aka saba. Mai farawa wataƙila daƙiƙa uku kawai za ta iya, to daga nan za a fara, a riƙa ƙara ɗaya-ɗaya har a kai goma. Sai a saki gaba ɗaya, a huta gwargwadon lokacin da aka riƙe. A maimaita sau 8 zuwa 12. Bayan nan a yi na sauri guda goma, matse-saki, matse-saki. Na riƙewa shi ke ba da juriya, na sauri shi ke tarar atishawa. Wannan zama ɗaya ke nan, kuma sau uku ake yi a rana. Mafi sauƙin tunawa a ɗaura shi da salla: bayan Asuba, bayan La'asar, bayan Isha'i.

Bayan mako biyu ko uku a koma yi a zaune, daga baya a tsaye, domin a tsaye fitsarin ke kufcewa, ba a kwance ba. Wata uku cur ake so kafin a yanke hukunci ko ya yi aiki. Sauƙi kan fara bayyana ne daga mako na shida zuwa sama.

Anty_Rabi:
Malam, na tsaya a kan "kamar ana tsayar da fitsari". Ashe ba a bayi ake yinsa ba? Abin da ake ta faɗa a zaurukan mata ke nan, wai duk sanda kika je fitsari ki riƙa katse shi sau uku ko huɗu.

Fisiyo_Shika:
A'a Anty, wannan kuskure ne babba. Lokacin fitsari mafitsara ce ke matsewa, ƙofar kuma ta saki. In kina katsewa kullum kina rikita wannan tsari, mafitsara ta saba barin saura a ciki, sauran kuma shi ne matattarar ƙwayoyin cuta.

Nas_Binta:
Ni dai ina ganin a bar ƙofa kaɗan. Macen da sam ba ta san inda tsokar take ba, katsewa sau ɗaya tak na nuna mata. Gwaji ne, ba atisaye ba. Ba kowace mace ce za ta samu wanda zai duba ta ba.

Fisiyo_Shika:
Sau ɗaya don ganewa ban musa ba. Matsalar ita ce da an faɗa, sai a mayar da shi al'ada. Akwai hanyoyi biyu da suka fi aminci. Ta ɗauki madubi ta dubi fatar da ke tsakanin farji da dubura: in ta yi daidai wurin zai shige ciki, in ta ga ya kumburo waje to yunƙuri take yi, akasin abin da ake so ke nan. Ko ta wanke hannu ta sa yatsa ɗaya kamar gaɓa biyu, ta matse, ta ji an rungumi yatsan an ja shi sama.

Fisiyo_Mace_Kano:
Bari in ƙara kan kurakuran, don su ne ke sa mace ta yi wata uku ta ce ba ya aiki. Riƙe numfashi na ɗaya: da kin ga fuska ta ɗaure, wuya ya kumbura, to ciki take dannawa. Ta riƙa ƙirga da baki a fili, ba za ta iya riƙe numfashi tana magana ba. Matse ɗuwawu da haɗe cinyoyi na biyu. Wanda ke zaune kusa da ke bai kamata ya gane kina yin komai ba. Sai kuma rashin saki. Tsokar da ba ta koma hutawa ba ba za ta iya sake matsewa da ƙarfi ba. Akwai kuma masu yin ɗari biyu a rana don su gama da wuri, tsokar ta gaji, da yamma zubar ta fi ta da.

Abin da ba a faɗa ba kuma shi ya fi saurin nuna amfani: ki riga tarin. Da kin ji atishawa na tahowa, ko za ki ɗaga yaro, ko za ki miƙe daga tabarma, ki matse ki ɗaga tukuna, ki riƙe har abin ya wuce. Wannan dabara ce ta lokaci, ba ta jiran tsoka ta yi ƙarfi, shi ya sa wasu ke ganin ragi cikin mako guda.

A asibiti mukan auna ƙarfin tsokar da yatsa, daga sifili zuwa biyar. Sifili babu motsi ko kaɗan, uku akwai matsewa da ɗagawa, biyar ta riƙe gam. Wadda ke sifili ko ɗaya ita ce ake taimaka wa da na'ura mai ba da ɗan tartsatsin lantarki don tsokar ta farka, ko wadda ke nuna mata matsinta a allo. Sauran ba sa buƙatar na'ura. Kuma mace na da damar ta ce mace take so ta duba ta.

Dakta_Umar:
Kuna ta magana kan iri ɗaya, alhali akwai na biyu da ya yi yawa a cikin dattawa, maza da mata. Wannan ba tari ke kawo shi ba. Fitsari ne zai taso farat ɗaya, kafin a ɗauki buta a kai bayi ya zubo. Jin ƙarar famfo ko taɓa ruwan sanyi kan tayar da shi. A nan mafitsara ce ke matsewa ba da izini ba.

Mafitsarar babba na ɗaukar kimanin mililita 400 zuwa 600, wato wajen ledar ruwa guda. Zuwa fitsari sau shida zuwa takwas a yini, da tashi sau ɗaya da dare, ba matsala ba ne. Mai zuwa duk rabin awa "don kada ya matse ni" yana koya wa mafitsara ta riƙa ƙorafi tun tana da kwata.

Gyaran shi ne horar da ita. A fara da rubutu na kwana uku: ƙarfe nawa aka sha, me aka sha, ƙarfe nawa aka yi fitsari, yaushe ya kufce. In an ga tazarar awa ɗaya ce, a tsaya a kan awa ɗaya da agogo, sai a riƙa ƙara minti 15 duk mako har a kai awa uku zuwa huɗu. Idan ya taso kafin lokaci, kada a ruga, gudu ne ke zubar da shi. A tsaya cak ko a zauna a kan abu mai tauri, a yi matse-saki biyar ko shida da sauri, a ja numfashi, a kai hankali wani wuri. Yakan lafa cikin minti ɗaya ko biyu, sannan a tafi a natse. Aƙalla mako shida ake ba wannan. Mata da yawa suna da iri biyun a haɗe, sai a haɗa musu horon da atisayen.

Baban_Ilham:
Dakta, rage shan ruwa fa? Shi ne abin da kowa ke fara yi.

Dakta_Umar:
Kuma shi ke ƙara dagula lamarin. Fitsari ya yi kauri ya yi ja, ya riƙa tsikarar bangon mafitsara, ga taurin bayan gida ya biyo baya. Lita ɗaya da rabi zuwa biyu a yini, wato leda uku zuwa huɗu, a ƙara lokacin zafi, sai fa wanda likita ya ƙayyade wa saboda zuciya ko ƙoda. A rarraba shi, kada a kwankwaɗi leda biyu lokaci guda, a kuma tsagaita awa biyu kafin barci. Abin ragewa shi ne shayi mai kauri, kofi, lemon kwalba baƙi, da goro. Goro kam a ja layi a ƙarƙashinsa, sinadarin da ke cikin kofi yana cikinsa, kuma tsofaffinmu ba sa lissafa shi.

Dalibin_Ilimi:
Allah Ya saka da alheri. Dalilin da ya sa da yawa ke ƙin shan ruwa tsarki ne, suna tsoron alwala. Ya kamata su san shari'a ta yi sauƙi. Malaman fiƙihu na kiran wannan salas. A mazhabar Malikiyya, idan yana zuba rabin lokaci ko fiye, ba ya warware alwala, sai dai an so a sabunta in babu wahala. In bai kai rabin lokaci ba yana warwarewa. Wasu mazhabobin sun ce a yi alwala ga kowace salla bayan shigar lokaci, a ɗaura abin tarewa, abin da ya fito bayan nan babu laifi. Kowa ya kai wa malaminsa halin da yake ciki dalla-dalla. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne mace ta bar salla ko ta ƙaurace wa makarantar Islamiyya saboda wannan.

Baban_Ilham:
Tunda Malam ya kawo tsarki, maza fa? Ɗigon da ke biyowa bayan an gama an ɗaura wando, shi ma raunin tsoka ne?

Fisiyo_Shika:
Sau da yawa saura ne ke maƙalewa a lanƙwasar bututun fitsari, can bayan maraina. Bayan an gama a jira daƙiƙa kaɗan, a sa yatsu biyu ko uku a bayan maraina, a danna a hankali sama da gaba, a tatso zuwa kai, sau biyu. Sai a matse tsokar ƙasan sau uku ko huɗu. Ya yi daidai da istibra'in da ake koyarwa, kuma littattafan fiƙihu ma a hankali suka ce, ba murza da ƙarfi ba.

Namiji yana gane tsokar ne idan ya tsaya gaban madubi ya matse: gaba zai ɗan ja baya, maraina su ɗaga. Waɗanda suka fi buƙata su ne waɗanda aka cire wa furostet, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. A koya kafin tiyata, a dakata muddin roba na jiki, a ci gaba bayan an cire. Galibi suna samun sauƙi a hankali cikin wata shida zuwa shekara.

Dakta_Umar:
Amma dattijon da fitsarinsa ke fita siriri, sai ya yi yunƙuri, yana gamawa ya ji bai gama ba, ga ɗiga ba tsayawa, wannan kada a ce masa ya je ya yi atisaye. Mafitsara ce ta cika ta tumbatsa saboda hanya ta toshe, kuma in aka bari ƙoda ce za ta biya. Haka duk wanda ya ga jini a fitsari, kada a ce tsargiya ce kawai a yi shiru. Zafin fitsari da zazzaɓi, ƙishirwa da yawan fitsari irin na ciwon suga, ko ciwon baya tare da rashin jin taɓi a fatar tsakanin cinyoyi da kasa riƙe bayan gida, duk asibiti ne, na ƙarshen ma a ranar. A kuma zo da magungunan da ake sha. Furosemide na ƙara fitsari, lisinopril kan sa busasshen tari, tarin kuma ya zubar da fitsari. Kada a daina da kai, a nemi a canza.

Uwar_Gida_Maradi:
Ina da tambaya da mata da yawa ke jin nauyin yi. Kayan matsi da ake sayarwa, ba sa gyara wannan?

Ungozoma_Funtuwa:
Ba sa gyarawa Hajiya. Alif da sauran abubuwan da ake cusawa fata suke busarwa ta takure na ɗan lokaci, tsoka kuwa tana can ƙarƙashi ba su isa gare ta ba. Abin da suke bari shi ne ƙuna, ƙaiƙayi, ciwon sanyi, wani lokaci tabo mai toshe gaba. Kuɗin da za a kashe a kansu gara a yi kuɗin mota zuwa sashen gashi.

Ga mai jego: in haihuwar lafiya ce, ana iya fara matsewa a hankali tun kwanakin farko, da zarar babu roba kuma tana fitsari da kanta. Ko da ɗinki ana yi, a hankali, a kwance. Abin kiyayewa cikin arba'in shi ne daka, ɗaukar jarka, da yunƙurin bayan gida. A ci zogale, kuka, alayyafo, wake da gwanda don cikin ya yi laushi. Masai na tsugunno ya fi sauƙaƙa fitar bayan gida. Mai na zama ta ɗora ƙafa a kan ɗan kujera, kuma ta zauna sosai, kada ta rataye a sama tana fitsari, tsokar ba ta saki a haka. Mai ciki ma tana yi, ba ya taɓa jariri, kuma farawa tun cikin fari na rage aukuwar matsalar.

Fisiyo_Mace_Kano:
Gyara ɗaya kan abin da muke ta faɗa: ba kowace mai zubar fitsari ce tsokarta ta saki ba. Akwai wadda tata a ɗaure take kullum. Alamarta zafi lokacin kwanciyar aure, ciwon mara, wahalar fara fitsari. In ta hau matsewa ciwon ƙaruwa zai yi. Ita sakin ake koya mata: numfashi mai zurfi har ciki ya taso, ta ji ƙasan na buɗewa. Don haka duk wadda atisayen ya ƙara wa ciwo ta tsaya a duba ta.

Sannan Sista, waɗanda aka yi wa ɗinkin ɓula wasunsu kan ci gaba da ɗiga ko da ɓular ta rufe. Su ma akwai rabonsu a wurinmu, bayan likitan da ya yi aikin ya ba da izini.

Maman_Sadiq:
Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara ilimi. Amma ku ba ni amsa kai tsaye kan tambayata ta farko. Warkewa ake yi, ko sauƙi kawai?

Fisiyo_Shika:
Duka biyun ana samu. Nazarin 2018 na Cochrane, ƙungiyar da ke tattara binciken lafiya, ya samu a cikin mata masu irin na tari kashi 56 cikin ɗari na masu atisayen sun ce sun warke, a kan kashi 6 na waɗanda ba su yi ba. Amma tsoka ce, in an bari takan koma. Bayan wata ukun a ci gaba da zama ɗaya a rana.

Dakta_Umar:
A lura kusan rabi ba su warke sarai ba, kuma mafi yawan waɗancan matan da mai koyarwa a kansu. Mai ƙiba ta rage ko da kashi biyar zuwa goma na nauyinta. Mai tari kullum, ko na hayaƙin itace ne, a magance tarin. Wadda ta daina al'ada akwai man estrojin, wato sinadarin jikin mace, na shafawa a gaba da likita ke rubutawa. Wadda ke jin wani abu ya zazzago mata kamar ƙwallo, akwai zoben roba da ake sa wa ya tallafe. Ga mai tasowa farat ɗaya akwai ƙwayoyi irin su oxybutynin da solifenacin, sai dai suna busar da baki, suna taurara ciki, oxybutynin kuma kan rikita tsofaffi. Tiyata na nan ga na tari in wata uku na atisaye na gaske bai wadatar ba.

Nas_Binta:
Abin da ya rage mini shi ne macen ƙauye. Sashen gashi sai manyan asibitoci irin na Malam Aminu Kano, Shika, ko na koyarwa na Sakkwato da Maiduguri, can ɗin ma ba kowane ma'aikaci ne ya ƙware a ɓangaren mata ba. Ni a ganina ungozoma ce ya kamata ta koyar ranar awo, ta kuma tabbatar da yatsa a zuwan mako shida bayan haihuwa, tunda dama tana dubawa. Minti biyu ne.

Fisiyo_Mace_Kano:
Na yarda da koyarwar farko. Amma wa zai bi ta ya ƙara mata daƙiƙu, ya mayar da ita tsaye, ya gane tsokar da ke ɗaure? Ko sau ɗaya a wata ne ta samu ganin mai gashi.

Ungozoma_Funtuwa:
Ranar rigakafin yara ita ce damar. Uwa na zuwa a mako na 6, na 10 da na 14, kusan wata ukun da kuke so ke nan. A tambaye ta a keɓe, ba a layi ba, kuma kada a ce "kina yoyon fitsari?", za ta ce a'a. A ce "in kin yi atishawa zaninki na jiƙewa?"

Anty_Rabi:
To tsohuwar da ta haura saba'in, ba ta ji sosai, ba ta karatu balle ta yi rubutun kwana uku da Dakta ya ce, ita yaya za a yi da ita?

Dakta_Umar:
A ba ta kwano biyu da tsakuwa. Duk fitsari ta jefa ɗaya a na dama, duk kufcewa ɗaya a na hagu, jikarta ta ƙirga da dare ta rubuta. A matso mata da fo kusa da gado, a bar fitila a hanya, a sa mata zani mai sauƙin kwancewa. In ƙafafunta na kumbura, ta ɗaga su a kan matashi awa ɗaya bayan La'asar, ruwan ya sauka tun kafin dare. Shekaru ba sa hana tsoka ƙarfi, sai dai a fara mata da daƙiƙa biyu.